Kirsimetin da Unguwa Ta Yi Layi Don Jinin 'Yata

Mu tara mahaifiyata ta haifa, uku ba su kai shekara biyar ba. A ƙauyenmu wabi ake ce wa irin wannan, wai ɗa ɗaya ne yake zuwa yana komawa. Ina da shekara takwas lokacin da ƙanina na ƙarshe ya rasu. Ina tuna hannuwansa a kumbure, yana kuka dare da rana, aka kai shi wurin wanzami aka yi masa tsaga a gefen ciki na hagu, aka ce saifa ce ta tashi. Kwana biyu bayan nan aka binne shi. Har iyayena suka tsufa ba wanda ya taɓa ambata musu kalmar sikila.

Na zo Jos ina da shekara 17, wurin ƙanwar babana, na koyi ɗinki har na buɗe shagona. Da maganar aure ta taso, majami'armu ta ce sai mun kawo takardar gwajin jini. Muka je wani ƙaramin ɗakin gwaji a bakin hanya domin ya fi araha. Takardar maigidana ta ce AS, wato yana ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, tawa ta ce AA, wato ba ni da gadon. Aka ɗaura aure, muka haifi namiji lafiyayye, bayan shekara uku muka haifi mace.

Wata shida na farko ba abin da ya same ta. Daga baya likita ya bayyana mini cewa jinin da jariri yake zuwa da shi daga ciki yana kare shi a watannin nan, sai ya fara raguwa ciwon yake nuna kansa. Tana wata bakwai sai hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ko taɓa ta aka yi sai ta tsala ihu. Ina ganin hannuwan nan na tuna ƙanina, jikina ya mutu. A babban asibiti aka gwada mu duka: ita SS, wato mai sikila, babanta AS, ni ma AS. Takardar farko kuskure ce. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar aure yanzu nake ce masa ya yi gwajin sau biyu, a wurare biyu dabam, ɗaya ya zama babban asibiti, kuma kada a yi shi cikin wata uku bayan an yi wa mutum ƙarin jini, domin jinin wani zai ruɗa sakamakon. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki lissafinsa dabam, don an haifi mai sikila ɗaya ba ya nufin ukun da za su biyo baya sun tsira.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau nake nadama. Na ɓoye. Na roƙi maigidana kada ya faɗa wa kowa, har danginsa. Ina tsoron a ce ni na kawo ciwo gidansu, ina tsoron a riƙa kallon yarinyar kamar baƙuwar da ba za ta daɗe ba. In ta kwanta sai in ce zazzaɓi ne. Magungunanta, folik asid da Paludrine na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da penisilin safe da yamma, a cikin gwangwanin maɓallai nake ajiye su a shago. Ina cikin zumuntar mata, duk mako muna ɗaga buƙatun addu'a, na yi wa 'ya'yan mutane addu'a ba iyaka, amma shekara huɗu ban buɗe baki na ce a yi wa tawa ba. A ƙasar da ake ƙiyasta ana haihuwar jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, ni ina ganin kamar ni kaɗai abin ya samu.

Disamba ga tela ba watan barci ba ne. A shekarar da nake ba da labari, ranar 22 ga wata ina da kaya 23 da ban gama ba, atamfa da leshi da ankon yara, kowa yana jiran ya sa ranar Kirsimeti. Ga sanyin Jos na hunturu, wanda ruwan randa yake kwana kamar ƙanƙara. Sanyi da ƙura da rashin shan ruwa duk suna tayar da sikila, na san haka, amma ina kan keke har ƙarfe goman dare, yarinyar tana kwance kan tarin yadi a bayana da ɗan zazzaɓi. Na ba ta farasitamol na ce da safe ma je asibiti. A asibiti an sha gaya mana cewa in zafin jikin mai sikila ya kai 38 ba a kwana da shi a gida. Ma'aunin zafin yana cikin jakata, ban ko ɗauko shi ba, domin na san in na ga lambar dole in rufe shago.

Wajen ƙarfe huɗu na asuba na farka na ji numfashinta yana sauri. Na haska ta da fitilar waya. Tafin hannunta fari fat, leɓɓanta kamar an shafa toka, na ja fatar idonta ƙasa ban ga ɗigon ja ba. Na kira sunanta, ta buɗe ido da ƙyar ta mayar. Cikinta ya yi tulu, gefen hagu da tauri kamar an cusa ƙwarya. Ba ta kuka, wannan ne ya fi tsorata ni, domin ciwon ƙashi da na saba da shi da ihu yake zuwa.

Maƙwabciyarmu tsohuwa ta fito jin motsinmu, ta taɓa cikin ta ce, "'Yata, saifa ce, bari gari ya waye a kira wanzami." Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Na ce, "Mama, a yi mini haƙuri, asibiti za mu." Na goya ta, maigidana ya buga ƙofar wani mai keke napep a layinmu, muka tafi.

Tsohuwar ta yi gaskiya cewa saifa ce, maganin ne ba nata ba. Likitan sashen gaggawa na yara ya yi mini bayani yana aiki. Ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje, wani lokaci sai su toshe hanyar fita daga saifa, jini ya riƙa shiga ba ya fita. Saifar ta kumbura, jinin da ya kamata ya zaga jiki ya taru a wuri ɗaya. Ya fi samun yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma yana iya kashe yaro cikin sa'o'i kaɗan. A katinta an rubuta cewa saifarta takan sauko santimita 2 ƙasa da haƙarƙari, ranar ya auna ya sami 8. Ma'aunin jininta, wanda suke kira PCV, yakan tsaya wajen 23, ranar 11 ne. Tsaga ba ta fitar da jinin da ya maƙale, sai dai ta zubar da ɗan wanda ya rage ta kuma shigar da ƙwayar cuta. Dannawa da murzawa ma haɗari ne.

Aka sa mata iskar oksijin, aka ɗaura ruwa a hankali, aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta, aka gwada zazzaɓin cizon sauro aka same shi. Sai maganar jini. Rukuninta O ne marar Rh, wanda ake ce wa O negatif. Mai irin wannan jini yana ba kowa, amma shi sai irin nasa yake karɓa, kuma a ƙasar nan masu negatif ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba. Ni da babanta duk O fozitif ne, ga shi kuma mu AS ne, alhali ga mai sikila an fi son jinin AA. Ɗakin ajiyar jini ba su da ko leda ɗaya ta irin nata. Ƙarshen shekara haka yake, haɗurran mota sun yi yawa, ɗaliban da suka saba bayarwa sun tafi hutu.

Likitan ya dube ni ya ce, "Madam, zan jira zuwa ƙarfe sha biyu in jikinta ya yarda. In ba a samu ba zan sa mata fozitif, rai ne gaba." Ya ce da namiji ce da bai jira haka ba. Mace in aka sa mata fozitif jikinta yana iya ƙera abin da zai yaƙi jinin 'ya'yan da za ta ɗauka nan gaba, ga shi mai sikila za ta sake buƙatar jini a rayuwa, duk sa'ad da jiki ya koyi ƙin wani jini samun wanda zai dace da ita sai ya ƙara wuya. A bakin ƙofa wani mutum ya raɗa wa maigidana cewa akwai yaran da ke sayar da jini, ya kawo kuɗi kawai. Wata nas ta ja mu gefe ta ce kada mu kuskura, mai sayar da jini yakan ɓoye ciwonsa da yawan bayarwar da ya yi don kada a kore shi.

Ƙarfe shida da rabi na fita bayan ɗakin na tsuguna. Babu yadda za a nemi jini irin wannan a ɓoye. Na kira shugabar zumuntarmu, dattijuwa ce, nas ce da ta yi ritaya. Na ce, "Mama, 'yarki tana asibiti. Sikila gare ta, tun tana jaririya, na ɓoye muku. Jini ake nema." Na jira faɗa. Ta yi shiru kaɗan ta ce, "Wane rukuni? Wane ɗaki? Share hawayenki ki koma kusa da ita, wannan aikin namu ne."

Abin da ta yi daga nan, a wurin mutane na ji shi daga baya, kuma na ga ya cancanci a rubuta dalla-dalla. Ba ta aika saƙon "a taimaka da addu'a" kawai ba. Ta rubuta rukunin jinin, da sunan ɗakin da za a je, da lokacin da likita ya bayar, ta ce duk wanda bai san rukuninsa ba ya zo a gwada shi, minti kaɗan ne. Ta rubuta wanda zai iya bayarwa: daga shekara 18 zuwa 65, nauyi ya kai kilo 50, ya ci abinci ya sha ruwa kafin ya fito, ban da mai ciki da mai shayarwa da mai zazzaɓi, ban da namijin da ya bayar cikin wata uku ko macen da ta bayar cikin wata huɗu. Ta aika wa fasto, da shugaban matasa, da shugaban mawaƙa, waɗanda dama suna da gwajin waƙoƙin Kirsimeti da safen. Ta sa matasa biyu a ƙofar asibiti su riƙa nuna hanya, ta ce kowa ya wuce ɗakin jini kai tsaye, kada a cika ɗakin yara.

Ni kuma na kira Hajiyar da shagonta ke jikin nawa, don kawai in ce ta ba mutane haƙuri kan kayansu. Ta ce, "Maman yara, kaya kike tunani? Me likita ya ce?" Na gaya mata. Wanda ya san Jos ya san tun rikicin 2001 unguwanni suka rabu, akwai layin da Kirista ba ya son dare ya same shi, akwai wanda Musulmi ba ya son bi, bama-baman jajibirin Kirsimeti na 2010 kuma suka sa watan Disamba ya zama watan ɗar-ɗar. Hajiya ta gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya wa limamin masallacin layinsu da abokan sana'arsa. Kafin ƙarfe tara sai ga su, mahauta da masu keke da 'yan gwanjo, sun shiga layi bayan mawaƙa masu rigar anko.

Sau ɗaya na leƙa ta taga na gan su. Layin ya fito daga baranda ya zagaya bishiya, mutane sun naɗe hannu a ƙirji saboda sanyi, hazo ya rufe duwatsu. Mutum 64 aka rubuta a takardar shugaban matasa. A cikinsu uku kacal aka samu masu O negatif.

Nan ne mutane suke gajen haƙuri, domin suna zaton da an samu rukunin an gama. Sai an auna ƙarfin jinin mai bayarwa, an gwada ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere, sannan a haɗa jininsa da na mara lafiya a ga ko za su zauna lafiya. Cikin ukun nan aka sallami ɗaya. Ba a gaya mana dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba, Mama ta riga ta ja kunnen kowa cewa sakamakon mutum sirrinsa ne, kada a ji wani yana cewa me ya sa aka ƙi na wane. Saura biyu, dukansu AA: wata budurwa daga cikin mawaƙa, da wani magidanci mai tuƙa keke daga unguwar su Hajiya, wanda bai taɓa ganina ba. Aka ɗebi na magidancin, mililita 450, bai wuce minti goma ba. Aka roƙi budurwar ta bar lambarta, kada ta yi tafiya.

Sha biyu saura kaɗan jinin ya shigo. Na ga nas biyu sun karanta suna da lamba da rukuni a jikin ledar suna gwadawa da na katin, ɗaya tana faɗa ɗaya tana amsawa. Minti 15 na farko nas ba ta bar bakin gadon ba, tana duba zafi da bugun zuciya, domin in jiki zai ƙi jini a nan ya fi nunawa: rawar sanyi, ƙaiƙayi, ciwon baya, fitsari ya yi duhu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da aka sa mata. Nauyinta kilo 13, aka ba ta wajen mililita 70, ɗigo-ɗigo cikin sa'a uku. Na ce, "Likita, duk wannan wahala, ɗan wannan za a sa?" Ya ce in saifa ta saki, jinin da ta riƙe zai dawo jiki, in an cika mata da yawa jinin zai yi kauri ya jawo abin da ya fi wannan muni, har shanyewar ɓarin jiki. Haka kuwa aka yi. Washegari PCV ya hau 21, saifar ta koma santimita 4. Da yamma ta ce tana son kunu.

Na ɗauka mun fita. Daren jajibiri zazzaɓi ya dawo, ta fara tari, tana riƙe ƙirji, ɗan abin da ake maƙala mata a yatsa ya nuna iskar jininta ta sauka zuwa kashi 88 cikin ɗari. Hoton ƙirji ya nuna ciwon ya kama huhu. Aka ƙara oksijin, aka canza allurai, aka ce za a sake ƙarin jini. Na tambayi ragowar ledar jiya, aka ce ledar da aka huda ba a mayar da ita firji a ajiye kwanaki. Sai na gane hikimar riƙe lambar budurwar nan. Ranar Kirsimeti da sassafe ta zo da kayan mawaƙa a jikinta, ta bayar, ta sha lemo ta huta, aka ce kada ta daɗe a tsaye ranar, ta yi sujadar a zaune.

Kwana 12 muka yi, kuma na koyi cewa jinya ba jini kaɗai take ci ba. An yi baiko na musamman a majami'a, 'yan layin shagonmu ma suka yi karo-karo. Dattijo ɗaya aka ba riƙon kuɗin, da littafi: abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, kowane rasiɗi an maƙala. Ni ban riƙe ko sisi ba, in an rubuta magani sai in miƙa takardar ga matashin da ke bakin aiki, ya karɓo kuɗi ya sayo. Wannan ya raba ni da lissafi, ya kuma rufe bakin masu cewa ina kuɗin ya shiga. Mata suka raba kwana, biyu da rana ɗaya da dare, don in sami runtsawa. Abinci ma aka raba shi gida-gida, bayan rana ta farko da kuloli tara suka taru rabi ya lalace. Wata ta ɗauki ɗana namiji ya zauna da 'ya'yanta, ta saya masa takalmin Kirsimeti, abin da ni ko tunawa ban yi ba. Mai mura ko tari an hana shi shiga ɗakin, komai kusancinsa da mu.

Akwai taimakon da dole muka mayar. An kawo kwalaben maganin ƙarin jini na kanti har biyar. Mama ta tattara su ta ce mai sikila ba a ba shi maganin da ke da sinadarin ƙarfe sai likita ya gwada ya ce, balle wanda ake yi wa ƙarin jini, ƙarfen taruwa yake a jiki ya ɓata hanta da zuciya. An kawo jiƙo da saiwoyi, an kawo shawarar a ɗauke ta a kai wani wurin addu'a a kwana uku ba magani. Fastonmu da kansa ya amsa wannan, ya ce addu'a tana shiga asibiti, a bar yarinya inda take.

Kayan mutane 23 kuwa, Hajiya ta karɓi mabuɗin shagona ta ɗauko littafin awo, ta kira teloli uku, suka raba. Suka kwana kan keke har asuba. Ranar 24 da yamma kowa ya karɓi kayansa a goge, a ninke. Da masu kayan suka biya cikon kuɗinsu, ta ƙulle a leda ta kai wa dattijon nan ya rubuta a littafi. Na ce ta cire na zare da na aikinsu, ta ce, "Ki bari sai ranar Sallah ki rama."

Da yammar Kirsimeti, bayan jini na biyu ya shiga, mawaƙa suka zo. Ba a bari su shiga ba, suka nemi izini suka tsaya a fili bayan tagar ɗakin yara, suka yi waƙa uku ƙasa-ƙasa, ba ganga. Iyayen da ke jinya, Kirista da Musulmi, suka matso tagogi. 'Yata tana da robar iska a hanci, ta ɗaga yatsu biyu tana kaɗawa a kan bargo. Zumunta ta kawo shinkafa da cincin da ya ishi duk ɗakin, gado 20 da wani abu, har da masu shara. A gadon da ke kusa da namu akwai wata mata daga ƙauye, ita ma ɗanta sikila, kwana biyu tana neman jini ba ta da kowa a gari. Shugaban matasa ya duba takardarsa, cikin mutum 61 da jininsu bai yi wa 'yata ba ya kira huɗu masu irin na yaron. Wasu 19 kuma suka bayar aka ajiye a ɗakin jini.

Ranar da za a sallame mu, nas ta kwantar da yarinyar ta koya mini taɓa saifa. Yaro ya kwanta rigingine ya lanƙwasa gwiwa, ki ɗumama hannunki, ki shimfiɗa yatsu daga ƙasan cibiya ta dama, ki riƙa hawa a hankali zuwa haƙarƙarin hagu yana numfashi, har ki ji bakin wani abu mai tauri ya taɓo yatsunki. Ta ba ni ɗan katakon duba maƙogwaro ta yi masa zane daidai inda saifar take tsayawa. Ta ce kullum da safe, da duk lokacin zazzaɓi, in ta wuce zanen ko yarinya ta yi fari, asibiti ko tsakar dare ne. Ta ce abin yakan dawo wa kusan rabin yaran da ya taɓa samu.

Ya dawo a watan Afrilu. Wannan karon katakon ne ya gaya mini, mun isa asibiti tana tafiya da ƙafarta, kuma kafin mu isa magidancin nan mai keke yana zaune a ɗakin jini, wata ukunsa sun cika. Bayan wannan likitoci suka ce a cire saifar. Aka yi mata alluran rigakafi makonni kafin aikin, domin yaron da ba shi da saifa ƙwayoyin cuta suna saurin kayar da shi, aka ce ta ci gaba da penisilin ba fashi. Daga baya aka ɗora ta kan wani magani mai suna haidroksiyuriya, ana auna shi da nauyinta, da farko duk wata ana gwada jini a ga ko ya rage wasu ƙwayoyin fiye da kima. Duk shekara kuma ana yi mata hoton jijiyoyin kai, wanda ake yi wa masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 don hango haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Lahadin farko bayan mun dawo gida na tashi a gaban jama'a na ba da shaida, na faɗi sunan ciwon da bakina, ƙafafuna suna rawa. Bayan an tashi mata uku suka same ni ɗaya bayan ɗaya a bayan majami'a, kowace da nata yaron da take cewa zazzaɓi ne. Surukata da na fi tsoro, da ta ji, kuka ta yi ta ce ita ma ta binne biyu ba ta san dalili ba. Na je gida na gaya wa mahaifiyata abin da ya kashe 'ya'yanta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe ba ni na yi wani laifi ba."

'Yata yanzu shekararta 10, tana aji biyar. Ciwon ƙashi yana zuwa, wani lokaci mu yi kwana uku a asibiti, akwai darare da har yanzu nake tashi in haska tafin hannunta. Takardar mutum 64 ta zama littafi, an rubuta suna da rukuni da lambar waya da ranar bayarwa ta ƙarshe, kwafi ɗaya a majami'a, ɗaya a hannun mijin Hajiya. Duk watan Nuwamba ni nake bin lambobin ina kira in ji wanda ya canza waya ko ya bar gari. Masu O negatif a ciki yanzu bakwai ne. Daga 10 ga Disamba ba na karɓar sabon ɗinki, ko nawa za a biya. Akwai jaka a rataye bayan ƙofarmu, a ciki da katin asibiti, da ma'aunin zafi, da rigar sanyi, da safa, da gorar ruwa, da kuɗin keke. Jiya da daddare na sauke ta na canza rigar sanyin, ta bara ta yi mata kaɗan.